Kwanoni 'Yan Rakiya

Ku da kuke cewa jere ba aiki ba ne, ku matso kusa. Na ji abin da ɗiyar ƙanena ta faɗa jiya a bakin famfo, wai Tanti Ramatu ba ta da sana'a sai ɗora kwano kan kwano, ta sauko ta ce bayanta na ciwo. Ban yi fushi ba. Mai ganin tuwo a akushi ba ya ganin surfe. Kun buɗe waya kun ga ɗakin wata a wata ƙasa, labule har ƙasa, fitila na sauya launi, kuka ce ku ma kun iya. To ku tambayi mai ɗakin nan inda take ajiye gishiri. Ku tambaye ta inda kaza ke bi ta shigo.

A nan Filinge aka haife ni, a unguwar bayan kasuwa, kuma tun ban iya ɗaura zane da kyau ba nake bin Gwaggo Kande, yayar babana, wadda ita ce mai jere da daɓe ta unguwarmu. A zamaninta ba ɗaki shiryayye ake ba ki ba. Bango huɗu ne na laka da ƙofa, ƙasa duk rairayi, a ce miki amarya na nan tafe, ki mai da shi wurin da mutum zai so ya kwana ya tashi.

Aikin farko da ta yarda na sa hannu, ɗakin ɗan wani manomi ne a wani ƙauye kan hanyar Bonkuku. Ni na ɗauki kayan aiki a kaina. Akwai madaɓi, itace mai faɗin baki wanda hannu ya goge har yana ƙyalli. Akwai makuba da muke saya wurin fataken kudu, in ba a samu ba a jiƙa bagaruwa, ita ke sa daɓe ya yi tauri ya yi duhu mai kyau. Akwai farar ƙasa da jar ƙasa na shafen bango, da tsumma, da dutsen guga mai santsi, da gashin kaza na ja layin zane. Ina ɗokin a fara duka, matan gidan ma sun taru da madaɓansu suna jiran a ɗaga waƙa, sai Gwaggo ta shiga ɗakin ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar wadda ta zo gaisuwa.

Ta kira uwar ango ta ce, "Amaryar ga doguwa ta ko gajera?"

"Gajera ta."

"Bahaguwa ko mai dama?"

Uwar ango ta ce, "Kande, jere munka kira ki, ba duba ba."

Gwaggo ba ta kula ta ba. Sai da ta ji duk abin da take so, sannan ta tashi. A wannan rana na fara gane cewa kafin ado akwai tambaya. Ruwan sama daga gabas yake dukan gini, saboda haka ba a jingina tufafi da bangon gabas. Gado ba ya taɓa bango, a bar tazarar tafin hannu saboda gara da kunama. Randa kusa da ƙofa, inda iska ke ratsawa, amma ba inda ƙafa za ta yi karo da ita ba. Ƙwaryar nono a ragaya, a rataye sama inda kyanwa za ta yi ta kallo tana haɗiyar miyau. Kwanon da ake ci kullum daidai ƙugun mai ɗaki, na kallo kuma can sama.

Da daɓe ya bushe, ta ce in yi jeren da kaina. Na zage na yi. Na tayar da hasumiyar kwanoni kusa da ƙofa don duk mai wucewa ya gani, na ja baya ina jin kaina. Gwaggo ta fita. Can sai ga ta da tulu cike da ruwa a ka, ta goya matashin kai a baya, ta cusa wani a gaba cikin zane, tana tafe tana nishi tana rangaji. Ta shigo ta juya sau ɗaya. Hasumiyata ta zube, murafe suka bi tsakar gida suna gudu, yara na bin su.

Ta sauke tulun ta ce, "Ni tsohuwa da gangan na ture shi. Amarya ba da gangan za ta ture shi ba, kuma ita cikinta na gaske na. Sake."

Haka ta koyar da ni, shekara da shekaru, har ƙarfinta ya ƙare ta miƙa mini madaɓinta da wata langa mai zanen ɗawisu da take ji da ita.

Ɗakin Madam Fati, matar wani mai shagon atamfa, shi ne aikina na farko a ginin siminti. Zamani ya juya, daɓe ya fara ja baya, ga bufe mai gilashi na jera kwanoni, ga rido, wato labulen zamani, ga gadon katako. Mijinta ya kawo mata almuwar daga Yamai, wato babban kabad na tufafi, mai madubi daga sama har ƙasa. Ta ce a kafa shi ya fuskanci ƙofa, don duk wadda ta shigo tsakar gida ta gani ta je ta ba da labari. Na ce mata gefen taga ya fi, haske zai sauka a fuskarta in tana kwalliya, kuma gidan da ke da dabbobi a sake ba a ba madubi ƙofa. Ta ce, "Ramatu, ke kinka saya ko ni?" Na ce ita. Muka kafa shi inda take so.

Suna da wani rago balami da suke kiwo, sangartacce, wanda ba a ɗaure shi saboda maigida na son sa kamar ɗa. Ina zaune a inuwa ina shan furar sallama, sai na ga ragon ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙura ido. Ya ga wani ƙaton rago a cikin ɗakin uwargijiyarsa, yana hararar sa. Ya ja da baya. Wancan ma ya ja da baya. Kafin in aje ludayi, ya kai wa madubin karo, sai tartsatsi! Ya fito da rido naɗe a ƙaho yana taku ɗaiɗai kamar ango. Maigida ya leƙo, ya dubi ɗakin, ya dubi ragon, ya ce, "To, alhamdu lillahi, namu dai ya yi nasara." Washegari muka mai da almuwar gefen taga da ƙaramin madubi. Har yau in Madam Fati na nuna wa baƙi ɗakinta, takan ce ita dama tun farko nan ta so.

Waɗannan duk wasa ne. Inda na san ina da sana'a, shekarar fari ce, kafin a haifi yawancinku.

Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ya fara fid da kai. Abin da ya rage fara ta bi ta kansa. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, maza suka watse bida, wato ci-rani, wasu kudu wasu bakin teku. Ranar kasuwa in na ratsa layin 'yan gwanjo, sai in ga kwanonin da na jera da hannuna shimfiɗe a ƙasa, na gane su ɗaya bayan ɗaya, na san ɗakin da kowanne ya fito. Mace ta tara wa ɗiyarta kaya tun tana goye, ta kwashe ta kai don tiyar hatsi. Ba wanda ya zarge ta. Amma aure bai tsaya ba, kuma bakin dangin ango bai san fari ba. Ranar ganin ɗaki sai sun zo, sai sun ƙirga da ido, kuma abin da suka gani ranar nan shi za su riƙa yi wa yarinya gori da shi har ta yi furfura.

Sai na bi gidajen unguwarmu a asirce. Wadda ta rage da kwalla ɗaya ta ba ni, wadda ta ɓoye samira biyu ta fito da su, ni na sa langar Gwaggo da abin da nake da shi. Muka haɗa jere guda, cikakke, mai kyan gaske. In za a kai yarinyar da uwarta ba ta da komai, sai mu jera mata su, su yi mako a ɗakinta har baƙi su watse, sannan a riƙa zare su kaɗan-kaɗan. Muka sa musu suna 'yan rakiya. A shekarar nan kwanonin nan sun yi aure ya fi na kowace mace a ƙasarmu ta Kurfai, kuma ba su taɓa yin idda ba.

Ɗakin Zalika shi ne ya kusa tona mu. Uwarta Bibata mai fura ce a bakin tasha, mijinta ya rasu, kuma duk abin da ta tara ta sayar ta ciyar da ƙannen Zalika. Yaron da ke son Zalika, Hamidu, ɗan gidan masu ɗan hali ne, yayyensa mata kuwa tun farko suke taɓe baki, wai ɗiyar mai fura me za ta shigo da shi in ba ludayi ba. Bibata ta zo wurina da damuwar kayan ɗaki. Na ce mata ta tashi ta je ta ci gaba da damunta, ɗaki nawa ne.

Abin da Zalika ta mallaka na gaske bai fi a ɗauka a tafiya ɗaya ba: gadon ƙarfe na uwarta, tukwane biyu, randa, tabarma, ƙore da Bibata ta yi wa zane da wuƙa mai zafi, da faya-fayai masu launi da yarinyar ta saƙa da hannunta. Da su na fara, domin su za su zauna. Na shafe bangon da farar ƙasa, na ja zane da shuni a ƙugunsa. Na kafa faya-fayan a bango sama da gado, manya a tsakiya, ƙanana na kewaye da su. Na rataya ƙoren a ragaya, na haƙa ɗan gurbi a bango na ashana da allura da kwalli. Sai da ɗakin ya tsaya da ƙafarsa, sannan na kafa kanta, katakon jera kwanoni, a bangon yamma na hau da 'yan rakiya. Aka kai amarya ranar Alhamis, aka sa ganin ɗaki Juma'a da hantsi.

Ana nan sai ga saƙo daga wani gida a ɗaya gefen gari. Auren wata yarinya, Salamatu, wanda aka sa mako mai zuwa kuma na riga na yi wa uwarta alkawarin 'yan rakiya, an matso da shi kusa. Angon ya sami motar da za ta kai shi bida ranar Asabar, saboda haka Juma'ar nan za a kai amarya, dangin ango za su ga ɗaki bayan la'asar. Amare biyu, rana ɗaya, kwanoni jere ɗaya. Na ce wa uwar Salamatu ta kwantar da hankalinta. Nawa hankalin ne ban san wanda zai kwantar mini ba.

Juma'a da hantsi dangin Hamidu suka cika ɗakin Zalika. A gabansu akwai gwaggonsa, Hajiya Mariyama, wadda ta taso takanas daga Baleyara. Aka gaya mini sana'arta: kwanoni take sayarwa a kasuwar can, tun ina yarinya. Yadda makiyayi ya san shanunsa, haka ta san kwano. Ta tsaya gaban kanta ta sa hannu a baya, ta bi jeren da ido daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Tubarkalla." Yayyen ango suka nemi abin kushewa suka rasa. Babbarsu ta ce, "Ashe hura na da riba haka?" Aka yi guɗa aka fita.

Da maza suka tafi masallaci, matan gidan suka koma bayan gida wurin tukwanen biki, sai muka tashi. Zalika ta tsaya a bakin ƙofa da lulluɓinta tana gadi, ta riga ta gaya wa Hamidu, shi kuwa ya ce shi ba kwano ya aura ba. Ni ina saukewa ina naɗewa da tsummoki don kada su yi ƙara, ina miƙa wa Bibata ta saman zana, tana lodawa a sharet, amalanken jakin maƙwabcinta da ta aro. Da kantar ta zama fayau, na kife tsofaffin ƙore da fasassun tukwane a kai, manya a ƙasa ƙanana a sama, na saki labule mai kauri ya rufe su. In kin kalle shi daga waje, ga tudun kwalla, ga kan langa, komai na nan. Na ce wa Zalika duk wanda ya tambaya ta ce saboda hannun yara ne.

Daga ni har Bibata ba wadda ta taɓa tuƙa jaki. Mun ɗauka in an ce masa tafi, tafiya zai yi. Ya tafi kuwa, amma inda ya saba. Aikinsa na kullum ɗibar ruwa ne, saboda haka ya miƙe da mu zuwa rijiyar bayan gari, ya tsaya a inda yake tsayawa, ya sunkuyar da kai yana jiran a cika masa jarkoki. Muka ja, muka tura. Bibata ta yi masa Hausa, ta yi masa Zabarmanci, har fofo, gaisuwar Zabarmawa, ta ce masa. Ko kunne bai kaɗa ba. Rana kuwa ta tsakiyar bazara, ba inuwa ko ta tsinke, tabarmar da muka rufe kaya da ita ta zame, kwanoni na shan wuta.

Bibata ta ce, "Ramatu, wanga jaki ya hi mu sanin aikinai. Sai an ɗibi ruwa za shi tashi."

Haka aka yi. Muka ari guga muka yi ta zuba ruwa a wata tsohuwar jarka da ke ɗaure a gefe, ya ji ƙarar da ya saba ji, ya ɗaga kai ya kama hanya. Sai dai hanyar gidan ubangidansa ya kama. Da ƙyar da jan kunne muka karkata shi, muka isa gidan angon Salamatu ana kiran la'asar, muka shiga ta ƙofar baya.

Ban taɓa jere da sauri irin na ranar nan ba. Bangon can jar ƙasa na shafa masa tun jiya, wannan ya taimaka, domin kwano a jan bango wani kwano ne daban. Na sauya murafe, na ba mai fure murfin mai tauraro. Waɗanda suka zauna sama da safe na sauko da su, na juya ɗawisun langar Gwaggo ya kalli bango. Yatsuna na ƙuna, domin ƙarfen kamar an sauke shi daga murhu. Ina ɗora na ƙarshe na ji guɗa a zaure. Mata suka shigo. Ta biyu a layi, da mayafinta ruwan toka da carbinta, Hajiya Mariyama ce. Ashe uwar wannan angon ƙawarta ce ta kasuwa.

Bibata ta sulale bayan ƙofa. Ni ba inda zan sulale.

Hajiya ta tsaya gaban kanta ta sa hannu a baya kamar ɗazu. Ta daɗe. Sannan ta miƙa hannu ta dafa langar nan, ta janye da sauri ta dubi tafinta. Ta juya langar a hankali har ɗawisu ya leƙo, ta mai da shi. Ta yafuto ni da yatsa.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mai jere, kwanonki na da zazzaɓi. Da sahe na gan su gidan ɗana Hamidu lahiya lau. Mi ya same su?"

Na ce, "Hajiya, shekarar ce. Kowa na jin jiki."

Ta dube ni, ni ma na dube ta. Ta ce, "Wagga mai ɗawisu ni na saida wa Kande ita. Ta yi mini ciniki har na yi kuka."

Sai wata daga cikin matan ta matso za ta ɗaga murfin samira. Hajiya ta buge mata hannu ta ɗaga murya, "Kul! Hannun baƙo na dusashe sabon kwano. A kalla da ido. Tubarkalla, uwar yarinyar ga ta yi ƙoƙari!" Aka ɗauki guɗa. Ba wadda ta sake kai hannu. Amma kafin guɗar ta sauka, Hajiya ta gyara mayafi ta ce tana da uzuri a gidan ɗanta, ta fita da sauri irin wanda ban zaci tsohuwa na da shi ba.

Bibata ta kama hannuna. Ta ce, "Shi ke nan. Nan ta rufa ma ƙawarta asiri, can za ta tona na ɗiyata." Muka bar jaki a nan muka bi ta da ƙafa.

Da muka isa, ɗakin Zalika cike yake. Wasu dangi daga Damana motarsu ta lalace a hanya, sai yanzu suka iso, kuma babbar yayar ango ta kawo su su ga jere. Hannunta na kan labule. Zalika na bakin gado, ta dunƙule cikin lulluɓi kamar wadda ake jira a yanke wa hukunci. Hajiya ta ratsa su tana haki, ta jawo kujera 'yar tsugune ta dasa a gaban kanta, ta zauna ta jingina bayanta da labulen. Na ji wata ƙwarya ta motsa a ciki. Hajiya ta yi tari ta ƙara danna bayanta.

Ta ce, "Wa ya koya muku wanga? Jeren amarya sau ɗaya aka buɗe shi. Wadda ta buɗe na biyu kahin a yi sati, ta buɗe ma ɗakin ƙohwar tsiya. A shekara irin wagga kuke son ku jawo ma ɗana?"

Yayar ango ta saki labule, amma ta ce, "Gwaggo, ni ban taɓa jin haka ba."

"Shekarunki nawa? Abin da ba ki ji ba ya hi wanda kinka ji yawa."

Sai wata tsohuwa cikin mutanen Damana, wadda ba ta so a ce akwai al'adar da ta wuce ta, ta gyaɗa kai ta ce, "Gaskiya ta. Haka kakanninmu ka yi. Yaran yanzu ba su san komi ba." Shi ke nan, magana ta zauna. Baƙi suka koma yabon faya-fayan bango da zanen shuni, wata ma ta tambayi wadda ta saƙa su, Zalika ta ɗaga kai a karo na farko ta ce ita ce.

Hajiya ta yi makon nan cur a gidan, kuma kullum a gaban labulen take shan hantsi. Ranar da za ta koma ta kira ni, muka rufe ƙofa, muka ɗaure ƙoren nan da fasassun tukwane cikin zannuwa, ƙulli-ƙulli. Ta fito tsakar gida ta sanar da kowa cewa ta tafi da kayan amarya Baleyara ajiya, kada yunwa ta sa ɗanta ya kai su kasuwa. Hamidu ya sunkuyar da kai ya karɓi zargin kamar mutumin kirki. Yayyensa da kansu suka ɗauki ƙullin zuwa tasha, suna gargaɗin yaron mota ya bi a hankali, kaya ne masu tsada.

Ɗakin ya zauna da abin da yake da shi, bai kuma yi kama da na marar gata ba. Komai na inda hannu zai same shi, ƙasa a share, ruwan randa da sanyi. Uwar Hamidu ta mai da shi wurin hutunta na rana. Da damina ta dawo da albarka, Zalika ta kama sana'ar uwarta a cikin gida, kuma duk sa'ad da ta tara ɗan abin da ta tara, sai ta aika Baleyara a ɓoye, sai ga kwano ɗaya ya dawo daga ajiya. A hankali kantar ta cika. Yayar ango ta taɓa cewa ita kamar ba wannan zanen ta gani ba ranar biki. Aka ce mata ido ne, shekaru sun fara. 'Yan rakiya kuwa, bayan sun gama makonsu wurin Salamatu, sun yi wasu aurarrakin kafin kowanne ya koma gidan uwargijiyarsa, kuma ban ƙara ɗora su a jaki ba.

Hajiya Mariyama ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Bara aka kira ni jeren ɗiyar Zalika ta fari. Kaya har sun yi yawa, kuloli da faranti da bufe mai fitila a ciki, sai da na mai da rabi cikin kwali don yarinya ta sami wurin shimfiɗa sallaya. Bayan dangin ango sun gani an saki labule, sai na tuna na bar wata kula a karkace. Na koma na kama bakin labulen zan ɗaga. Wata ƙawar amarya, da waya a hannu da gilashi a ido, ta yi tsalle ta riƙe mini hannu.

"Haba Tanti! Sau ɗaya aka buɗewa! Ke da ya kamata ki hi kowa sanin al'ada!"

Na waiwaya. Zalika na tsaye a bakin ƙofa, ta cusa bakin mayafi a baki, tana danne dariya har hawaye na zuba. Na saki labulen a hankali, na ce, "Ku gafarce ni, 'yan nan. Tsufa ne."